Ciwon Ƙoda A Gashuwa Da Ɗigon Da Ke Riƙe Da Matatar Jini

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk mutumin ƙasar Bade da ke neman abinci a Ikko ko Badun, da wuya a ce bai taɓa samun saƙo daga gida ba cewa wani nasa ya kwanta da ciwon ƙoda. A Gashuwa da Jakusko da ƙauyukan bakin kogin Yobe, cutar ta daɗe tana kayar da manoma da masunta, har da samari majiya ƙarfi. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa sai wankin jini da na'ura a Damaturu ko Maiduguri ko Kano. Masu bincike suna ta auna ruwan sha da abincin yankin, amma ya kamata masu karatu su san abin da ke lalacewa a cikin ƙodar kanta.

Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kamar miliyan ɗaya. Ƙodojin biyu suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kwana guda, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Rariyar kowace matata an saƙa ta ne da wani furotin mai suna nefirin, wanda aka gano a ƙasar Finlan a 1998.

To, me ke riƙe da wannan rariya? Ku dubi man gyaɗa a kan miya. Mai ruwa ne, miya ma ruwa ce, amma man ya ware kansa ɗigo-ɗigo, in biyu suka haɗu su zama ɗaya. A 2009 wasu masana a Jamus, Brangwynne da Hyman, suka ga haka furotin yake yi a cikin ƙwayar halittar wata 'yar tsutsa, watau ya taru ya zama ɗigo ba tare da wata fata ta kewaye shi ba. A 2012 kuma Michael Rosen da abokan aikinsa a Dallas ta Amurka suka gwada da nefirin ɗin nan na ƙoda. Da suka haɗa wutsiyarsa da wasu furotin biyu, Nck da N-WASP, sai ukun suka dunƙule suka zama ɗigo, ɗigon kuma ya hanzarta ƙera zaruruwan da ke tokare ƙwayar halitta, kamar azara a ɗakin soro. Abin mamaki, ashe ruwa ne ke kafa azarar!

A Kanada an raba nefirin da Nck a jikin ɓeraye, sai rariyar ta saki, furotin ya riƙa zuba cikin fitsarinsu. Mutum ma in rariyarsa ta saki, ko mene ne sanadi, alamun su ne fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa da fuska.

Matsalar ita ce furotin yakan fara zuba tun mutum yana jin kansa garau. Awon fitsari na 'yan mintoci yana nuna shi. Saboda haka 'yan'uwanmu masu dako da tura baro cikin rana a kasuwar Mile 12, da masu shan ƙwayar ciwon jiki kullum ba da izinin likita ba, su nemi a auna musu fitsari da hawan jini a asibitin da ke kusa, kada su jira sai ƙafa ta kumbura.