Kanada: Gandun da iyalai ke kwana a mota, bayan an tashi masu wurin

A watannin Yuli da Agusta, iyalai kan ɗebi yara a mota mai gado da kicin, su bi hanya mai lamba 132 zuwa gandun Forillon da ke lardin Kebek, inda Faransanci ne harshen gida. Nan suke kwana a bakin teku, ba ruwansu da otal.

Sai dai wurin a da ƙauyukan masunta ne. Da aka kafa gandun a 1970, an tashi iyalai kimanin 225, aka rushe ko aka ƙone gidajensu. Sai a 2011 majalisar wakilan Kanada ta nemi afuwarsu.

A Grande-Grave an bar wasu gidajen a tsaye, kuma iyaye kan kai yara su gani.