Jinyar Je-Ka-Ka-Dawo: Wa Zai Raka Ɗan Ci-Rani Asibiti?

A unguwannin Hausawa na Kurmi, ko Agege ce ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Badun ko na Shagamu, idan yaro ya lalace da shan ƙwaya har kansa ya fara juyawa, abin da aka saba yi ɗaya ne. Sai a yi karo-karo a tara masa kuɗin mota, a haɗa shi da direban tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa, a ce don Allah a kai shi gida wurin iyayensa. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa, sai dai wata rana a ji an ce yana gidan mari, ko kuwa ya shiga duniya.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, motar da ta ɗauke shi ta baro asibitocin da aka gina musamman domin irin ciwonsa. Kuma yawancin masu zuwa waɗannan asibitoci ba kwantar da su ake yi ba. Mutum yakan zo da safe ya ga likita, ya karɓi magani da shawara, ya koma ɗakinsa da sana'arsa, sai ranar da aka yanka masa ya komo. Watau dai kamar makarantar je-ka-ka-dawo.

Wannan dabara tana da tarihi a ƙasar Yarabawa. A shekarar 1954 wani likita ɗan Abekuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya komo daga karatu a Ingila aka ba shi riƙon sabon asibitin masu taɓin hankali da ke Aro, kusa da Abekuta. Ya tarar ba a gama ginin ɗakunan kwanciya ba. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya je ya sami hakimai da dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Da fari mutane sun ji tsoro, don kuwa ba kowa ke son kwana gida ɗaya da mai taɓin hankali ba. Amma da suka ga kuɗin haya na shigowa, ga ruwan sha mai tsabta da aikin kashe sauro an kawo musu, sai suka saki jiki.

Sharaɗin da Lambo ya kafa shi ne, ba a karɓar majinyaci sai da ɗan'uwansa, ko uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wanda zai zauna da shi ya dafa masa abinci, ya yi masa wanki, ya raka shi asibiti da safe ya komo da shi da yamma. Da dare akwai ma'aikatan jinya a ƙauyen ko da wani abu zai taso. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya ma jawo wasunsu sun yi aiki tare da shi a ƙarƙashin kulawarsa. Aka lura marasa lafiya sun fi saurin samun sauƙi, kuɗin jinya ya ragu, kuma idan an sallami mutum ba ya jin kansa baƙo a cikin jama'a, domin bai taɓa rabuwa da su ba. Labarin Aro ya kai ko'ina, har a 1961 likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka suka yi babban taronsu na farko a Abekuta, shi kuwa Lambo ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. A 1983 asibitin ya buɗe sashe na musamman domin masu shaye-shaye.

To, yau bukatar ta ninka ta wancan zamani nesa ba kusa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. Wiwi ce a gaba, sai ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol da mutum miliyan 4.6, sannan maganin tari mai kodin da miliyan 2.4, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na wannan shekarar. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Abin mamaki kuma, ba Arewa ce ta zo ta ɗaya ba, shiyyar Kudu maso Yamma ce.

Ɗan dako a kasuwar Mil 12, ko mai tura kurar ruwa, ko maigadin da zai kwana ido biyu, ba don nishaɗi yakan fara ba. Ƙarfi yake nema. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 225. Yau ɗaya, bayan wata biyu ɗaya ba ta isa. Idan ta yi yawa a jiki takan kayar da mutum kamar mai farfaɗiya, sai a ce iska ce ta buge shi. Idan kuma ya yi niyyar bari, sai zufa da hamma da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa na wajen mako guda, ya ga ba zai iya fita nema ba, ya koma. Nan ne aikin asibiti yake. Likita yana da magungunan da ke sassauta wannan wahala, kuma ya san abin da za a janye a hankali. Mai shan giya sosai ko roci, alal misali, hatsari ne ya yanke farat ɗaya ba tare da likita ba, domin yana iya suma har ya rasa ransa.

Yadda abin ke tafiya ba wuya. A yanki kati, likita ya zauna da majinyaci da wanda ya rako shi ya ji yadda abin ya faro, a auna jini ko fitsari in da bukata, a ba da magani. Da farko akan ce a komo bayan mako ɗaya ko biyu, in an ga sauƙi a mai da shi wata-wata. Akwai masu ba da shawara da ke zama da mutum su bincika abin da ke tura shi ga ƙwayar, ko gajiya ce ko bashi ko kewar gida ko abokai. Wanda ya fara jin muryoyi ko zargin mutane kuwa, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Ana kwantar da mutum ne idan yana neman hallaka kansa ko wani, ko ya daina ci da sha, ko an gwada jinyar gida ta faskara. Wanda ya koma sha bayan ya bari ba a korarsa, likitoci sun san haka ciwon yake. Banda Aro, akwai asibitin Yaba a Ikko wanda aka kafa tun 1907, da na Uselu a Binin, da na Inugu da Kalaba, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Badun.

Ba wanda ya hana addu'a da rubutu, Lambo ma bai hana ba. Abin ƙi shi ne mari da bulala. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan aka sami wasu fiye da 200 a Ojo ta Badun. A watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a yi masa jinya da mutunci.

Sai dai fa sharaɗin nan na Lambo bai tsufa ba, kuma a nan ne ɗan ci-rani yake da rauni. Bayarabe yakan zo asibiti da uwarsa ko matarsa. Yaron da ya baro Gumel ko Illela, uwarsa tana can nisan kwana guda a mota, masu kwana ɗaki ɗaya da shi kuwa kowa na fafutukar abin da zai aika gida. Wa zai riƙe masa maganin ya ba shi a kan lokaci? Wa zai tuna masa ranar komawa, ko ya gaya wa likita cewa kwana uku bai runtsa ba? Jinyar je-ka-ka-dawo takan lalace ne tun daga komawa ta biyu, lokacin da mutum ya ɗan ji sauƙi, ya auna kuɗin mota da na magani da cinikin yinin da zai rasa, ya ce ya warke.

Al'adar zango tana da amsar wannan tun da daɗewa. Baƙo ba ya sauka sai a hannun maigida, shi ke ba shi masauki, shi ke tsaya masa in ya shiga rigima ko bashi. Sarkin Hausawa da limamin unguwa da shugabannin 'yan kasuwa sun saba tara kuɗin likkafani da na mai da gawa gida. Kuɗin da ake tarawa a sa yaro a motar shanu zai iya biyan kati da maganin farko, in an sami mutum ɗaya mai hankali da zai ce shi ne ɗan'uwansa a gaban likita.

Wanda zai yi rakiyar ya kamata ya ji Turanci ko Yarabanci ko da na kasuwa ne, domin ba kullum ake samun ma'aikaci mai jin Hausa ba, kuma wannan ciwo da baki ake gane shi. Ya tafi da kwalin ko ledar ƙwayar da yaron ke sha domin likita ya gani da idonsa. Su yi sammako, layin yankar kati yana da tsawo.