Sabuwar Sana'a Bayan Furfura



Makon jiya na je suna a unguwarmu, aka zaunar da ni kusa da wata baiwar Allah wadda na sani tun tana fita ofis da sassafe da jakarta a rataye. Shekara 35 ta yi tana aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati, tun zamanin tafireta har aka kawo kwamfuta. Ta kama aiki tana da shekara 20, sai ga shi ta yi ritaya tana da 55, gama ƙa'idar aikin gwamnati a ƙasar nan ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Na ce, "Yaya, ya hutu?" Ta yi dariya ta ce wane hutu, ita dai tana zaman jiran azahar ne, in ta wuce ta jira la'asar. Ƙarfinta yana nan, idonta yana gani, yara duk sun watse gidajensu, fansho kuwa ba ya kai ta ƙarshen wata. In ta ce za ta koma neman aikin ofis, wa zai ɗauki mai furfura alhali ga samari da takardu suna layi?

Tun daga ranar maganarta take yi mini yawo a ka. Na san ba ita kaɗai ba ce. Akwai malamar makaranta da ta ajiye alli, akwai ma'aikaciyar jinya da ƙafa ta hana ta tsayuwar dare, akwai wadda ta bar aiki don renon yara, yanzu autanta ya shiga sakandare. Saboda su na ɗauko labarin yau.

A ƙasar Japan an yi wata mata ana ce da ita Masako Wakamiya, an haife ta a birnin Tokyo cikin 1935. Da ta gama sakandare sai ta shiga aikin bankin Mitsubishi, a lokacin da ake ƙidayar kuɗi da yatsu, ake lissafi da allon 'yan duwatsu. Ta yi shekara fiye da 40 a nan. Da ritaya ta zo, sai ya kasance mahaifiyarta ta tsufa ƙwarai, tilas ta zauna gida ta yi jinyarta. Ita kuwa mace ce mai son hira da mutane. Ta ga in ba ta yi dabara ba kaɗaici zai kashe ta, sai ta sayi kwamfuta. Wata uku ta yi tana fama kafin ta iya haɗa ta da intanet. Ku dubi wannan, wata uku! Da yawa a cikinmu da tun mako na biyu mun lulluɓe abin da zane mun ce ba namu ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yi da Excel. Wannan wata manhaja ce ta lissafi, takarda ce mai gida-gida wadda akawuna suke cikawa da lambobi. Ita sai ta riƙa cika gidajen da launi, tana fitar da zane irin na saƙa, kamar yadda mai ɗinkin hula take ƙidaya zare tana fitar da fure. Har aka riƙa buga zanen a kan yadi, tana ɗinka riguna tana sawa, tana kuma koya wa tsofaffi 'yan'uwanta.

Daga baya ta lura wasannin da ke cikin wayar hannu duk na yara ne masu saurin yatsa. Ta roƙi masu yin manhaja su yi wa tsofaffi nasu, ba su yi ba, aka ce da ita ta yi da kanta mana. Ta kuwa yi. Wani mai ƙananan shekaru da ke wani gari mai nisa ya riƙa koya mata ta intanet, tana ɗakinta yana nasa. A cikin 2017, tana da shekara 81, ta fitar da wasanta mai suna Hinadan. A kan al'adarsu ta gina shi, watau bikin 'yan mata da suke yi ran 3 ga Maris kowace shekara, inda ake jera 'yan tsana a kan matakala, kowace da mazauninta. Mai wasa zai ajiye 'yar tsana 12 kowace inda ya dace. Da yake ta san yatsan tsoho ya bushe, ba ya jan abu a kan gilashin waya da kyau, sai ta yi shi a kan taɓawa kawai. A wannan shekara kamfanin Apple ya gayyace ta babban taronsa a Amurka, shugabansa Tim Cook ya gana da ita, a 2018 kuma ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya.

To, kada wata ta ce ai wannan sa'a ce. Ku lura da abin da ta kawo kasuwa. Yaran da suka fi ta iya kwamfuta sau dubu ba su san yadda ake jera 'yan tsanan nan ba, ba su kuma san ciwon yatsan tsoho ba. Ita ta sani. Na'ura ce kawai sabuwa, ilmin tsoho ne, da tsohuwar zuma kuwa ake magani.

Amma gaskiya ita tana da fanshonta, ba neman na cefane ya sa ta ba. Wadda take son aikin da za a biya ta tana zaune gida, ta ji labarin wata Baturiyar Ingila, Stephanie Shirley. 'Yar gudun hijira ce, aka kawo ta Ingila cikin 1939 tana da shekara 5, don a tsere da ita daga hannun Hitila. Ta yi aiki a sashen bincike na gidan waya, tana zuwa karatun dare har ta sami digiri a lissafi. A 1962 ta kafa kamfaninta na rubuta manhajar kwamfuta a kan teburin cin abincin gidanta, da jarin fam 6. Ma'aikatanta su ne matan da suka iya aikin amma aure da haihuwa suka zaunar da su. Babu intanet a lokacin. Da fensir da takarda suke aiki, su aika ta gidan waya. Babbar tambayar da ake yi wa mai neman aiki ita ce ko tana da tarho. Daga cikin ma'aikata 300 na farko, 3 ne kaɗai maza, sai da dokar 1975 ta hana bambanta mace da namiji wajen ɗaukar aiki sa'an nan ta buɗe wa maza ƙofa sosai. Da ta ga 'yan kasuwa ba sa amsa wasiƙar da aka sa wa hannu da sunan mace, sai ta koma sa hannu da "Steve", sunan namiji, nan da nan amsa ta fara zuwa. Matan nan na cikin gida har manhajar akwatin naɗar bayanai na jirgin sama Concorde suka rubuta. Ta rasu a watan Agusta na 2025 tana da shekara 91.

Mu kuwa, in an ce aiki daga gida, ai sai mu yi murmushi. Ina kakanninmu suka je suka yi ƙuli-ƙuli da fura da kaɗi da ɗinkin hula? Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta yi mamakin yawan hatsin da mata suke saye da sayarwa ba su taka bakin zaure ba, har ta rubuta a kansa cikin 1969 ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Yara ne suke kai kaya su kawo kuɗi. Abin da ya sake yanzu shi ne 'yar tallan. Waya ce take ɗaukar farantin, ba ta jin rana, ba ta fashin makaranta, tana kuma kaiwa har Landan. Tun daga 2020, da cutar korona ta rufe ofisoshi a duniya, masu ba da aiki da yawa suka gane ba dole sai sun ga ma'aikaci a kan kujera ba.

Wane aiki ke nan? Wanda kika riga kika sani. Tsohuwar malama tana iya karantar da yara ta Zoom ko WhatsApp, gama akwai Hausawa a ƙasashen waje da suke neman mai koya wa 'ya'yansu Hausa ko karatun allo. Wadda ta yi aikin kuɗi tana iya riƙe wa masu shaguna littafin shige da fice. Mai Hausa da Turanci tana iya fassara, ko ta saurari magana da aka naɗa ta mai da ita rubutu. Sai dai in faɗa muku gaskiya, wannan na ƙarshe ya rage daraja. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, yanzu kuma na'urori suna jin magana su rubuta da kansu. Abin da ya rage wa mutum shi ne gyara. Na'ura za ta haɗa "kafa" da "ƙafa", ta kashe karin magana. Wadda ta san Hausa ciki da bai, ta kuma iya ƙa'idar rubutunta, ita ce za ta kama irin wannan.

Kada ku ɗauka abin ba wahala. Ga wuta da ake ɗaukewa kina tsakiyar aiki, ga kuɗin data. Albashi ba lalle ya zo kowane wata ba, wani watan aiki ya yi yawa, wani watan shiru. In wanda kike yi wa aiki yana New York, to agogonsa yana bayan naki da awa 5 ko 6, safiyarsa ita ce azahar ɗinki, yammarsa kuwa kina jin barci. Amma babbar wahala a ganina mutanen gida ne. Muddin suna ganinki a ɗaki, ba su yarda aiki kike yi ba. Maƙwabciya za ta shigo aron turmi ta zauna hira, a aiko miki jika, a ce ai Hajiya tana gida. Ita kanta Shirley, sa'ad da ɗanta yake jariri, in za ta amsa tarho sai ta kunna faifan ƙarar tafireta, don mai kira ya zaci ofis ne. Shawarata ita ce tun farko ki zauna da maigida ku yi magana, ki yanke sa'o'inki, kowa a gidan ya san daga hantsi zuwa azahar kina ofis, ko da ofishin tabarma ce a kusurwar ɗaki.

Sa'an nan ga 'yan damfara, su kuwa matan da suka karɓi kuɗin sallama suke farauta. Duk aikin da aka ce sai kin biya kuɗin rajista kafin a ba ki, ko aka ce ki zuba dubu goma ki kwashi ashirin don kin danna wani abu a waya, ki guje shi. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM ba su manta da Disamba ta 2016 ba, watan da aka kulle asusun mutane. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kada ki ba kowa lambar sirrin katinki. Ki buɗe asusun banki da sunanki, ki fara da ƙaramin aiki, ki ga kuɗinsa ya shigo kafin ki karɓi babba. Kuma kada ki sayar da tumakinki ki sayi kwamfuta tun ba ki gwada da aro ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku. In Inna ko Gwaggo ta ce ki nuna mata, kada ki fizge wayar ki danna mata ki miƙa. Ki bar ta ta danna da yatsanta, ko sau goma za ta tambaya. Ta yi haƙuri da ke sa'ad da kike koyon tuƙa tuwo kina yin gudaji. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi, mu da ba mu da gemu sai mu ce furfura.

Shekaranjiya na leƙa gidan Yayar nan tawa. Na tarar jikarta ta kawo mata tsohuwar kwamfutar babanta, suna zaune a tabarma. Yarinyar tana nuna mata inda ake samun ƙ da ɗ da ɓ, ita kuma tana buga rubutu da yatsu goma ba ta ko duban hannunta, yarinyar ta saki baki tana kallo. Ta ce wani malami a unguwar ya ba ta littafinsa na hannu, shafi 80, ta buga masa, sun yi ciniki, ya ba da rabin kuɗi. Na tambaye ta ya hutu, ta ce in dawo bayan azahar, yanzu tana ofis.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.