Faɗan Daba: Shin Barin Unguwa Shi Ne Magani?

Duk lokacin da faɗan daba ko ƙwacen waya ya sake kunno kai a Kano, bakin jama'a ɗaya ne: unguwa ce ta lalace, mai hali ya kwashe 'ya'yansa ya tashi. Amurkawa sun gwada wannan shawara da kuɗin gwamnati, kuma ba haka kawai lamarin ya tsaya ba.

Tushen labarin wata baƙar fata ce, Dorothy Gautreaux, mazauniyar gidajen gwamnati a Shikago. A 1966 ta shige gaba aka maka hukumar gidajen birnin a kotu, bisa cunkushe baƙaƙen fata a unguwannin talauci. Ta rasu a 1968, shekara takwas kafin hukuncin Kotun Ƙoli da ya kai ga sauya wa iyalai sama da 7,000 matsuguni.

Daga 1994 zuwa 1998 gwamnatin tarayyar Amurka ta faɗaɗa gwajin. Aka jefa ƙuri'a tsakanin iyalai kusan 4,600 a birane biyar, wasu suka samu tallafin kuɗin haya a unguwannin masu rufin asiri. Binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard, wanda ya fito a 2016, ya nuna yaran da aka tashi da su kafin su cika shekara 13 sun girma suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 31 cikin ɗari. Waɗanda suka haura haka ba su ƙaru da komai ba.

Abin da ake tsallakewa shi ne rawar dangi. Bayan ƙaurar, 'yan mata sun samu kwanciyar hankali, samari kuwa da dama halinsu ya ƙara taɓarɓarewa. Masanan da suka zanta da matasan a Baltimo da Shikago sun tarar yaro ya baro kawu ko mijin uwa mai tsawata masa, ya koma inda zama a bakin titi kawai kan jawo masa 'yan sanda.

Wannan ya kamata ya farkar da mahukuntan Kano da suka dogara ga kame da rusau. A cikin lungu ɗaya ake samun gidan da ya fitar da likita da wanda ya fitar da ɗan daba. Kafin a sake tura motar sintiri, masu unguwanni da jami'an walwala su shiga gida-gida su tambaya: wa ke neman yaron nan idan bai dawo ba bayan sallar isha?