Me Ya Sa Zoɓo Ke Jinkirin Daskarewa?

Duk macen da ke ƙulla zoɓo a leda ta sa a firji, daga garin Sarkin Yamma har cikin Maraɗi, ta san wannan: ledar ruwa zalla kan daskare tun cikin dare, ta zoɓo kuwa gari ya waye tana da sauran laushi. Wutar lantarki ake ɗora wa laifi, alhali aikin sukari ne.

Ruwa na daskarewa a digiri 0, lokacin da ƙwayoyinsa suka jeru suka kama juna. Duk abin da aka narkar a ciki yakan shiga tsakaninsu, sai sanyi ya ƙaru kafin su kama. A shekarun 1880 wani masani Bafaranshe, François-Marie Raoult, ya nuna cewa ruwa bai damu da ko mene ne aka zuba masa ba, yawan ƙwayoyin abin kawai yake ƙirgawa. Sukari giram 342 a lita ɗaya na sauke matakin daskarewa da digiri 1.86. Gishiri giram 58 kacal ya kusa ninka haka, domin ƙwayarsa ba nauyi, kuma da shigarta ruwa take rabewa biyu.

A wajen tafasa ma akwai tasiri, sai dai bai taka kara ya karya ba: cokalin gishiri a litar ruwa ko rabin digiri ba ya ƙarawa.

Inda lissafin nan ya shafi rai shi ne cikin jiki. Ruwa na ratsa fatar ƙwayar halitta ya nufi ɓangaren da narkakkun abubuwa suka fi yawa. Shi ya sa kifin Tafkin Madarunfa, in aka barbaɗa masa gishiri, ke tsatso ruwa, ƙwayoyin cutar da za su ruɓar da shi su ma su bushe. Haka sukarin da ya yi yawa ke janyo ruwa daga jikin yaro mai gudawa zuwa hanjinsa, zawon ya ƙaru. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun rage gishiri da sukarin da ke cikin haɗin ruwan da ake ba masu gudawa, bayan an ga mai sauƙin ya fi tsayar da amai da zawo.

Don haka, iyaye mata, in an ba ku ƙunshin garin haɗin nan a asibiti, ku dama shi da ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya. Kada a rage ruwan, kada kuma a ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha.