Amsoshin Tambayoyinku: Ƙibar "Sha Ka Fashe" Ƙiba Ce Ko Ciwo?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata mai sauraronmu a Andarai, cikin ƙaramar hukumar Maiyama ta jihar Kebbi. Ta ce ƙanwarta tana shan ƙwayar nan ta ƙiba, wato "sha ka fashe", ga shi fuska ta cika, amma kullum ba ta rabo da ƙuraje da tari. Shin mene ne dalili?

To, Malama, cikin magungunan da ake kira da wannan suna akwai deksametason, kuma sai kin fahimci aikinsa sannan amsar za ta fito fili.

A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da ke fitar da sinadarin kotisol a duk lokacin da jiki ya shiga matsi, kamar na yunwa, ko tsoro, ko rauni, ko zazzaɓi. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu kuwa akwai kundin gado, wanda ke ɗauke da umarnin duk abin da jiki zai sarrafa. Ba dukkan shafukansa ake karantawa lokaci guda ba. Akwai wasu sinadarai, mu kira su mabuɗai, masu buɗe wani shafi su rufe wani gwargwadon halin da ake ciki.

Idan kotisol ya shiga ƙwayar halitta, sai ya manne wa mabuɗinsa, su wuce wurin kundin, su yi aiki biyu. Na farko, su buɗe shafukan da ke sa hanta ta ƙara suga cikin jini, domin jiki ya sami ƙarfin fuskantar matsin. Na biyu, su danne wani mabuɗin mai suna NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a Amurka a 1986, kuma aikinsa shi ne tada garkuwar jiki idan cuta ta shigo. Amfanin danne shi kuwa, kada garkuwar ta wuce gona da iri ta cutar da jikin kansa.

Wannan tsari na ɗan lokaci ne. Shi kuwa deksametason mabuɗin nan yake kamawa, amma ƙarfinsa ya ninka na kotisol kamar sau 25. Mai shansa kullum, jikinsa na zaune cikin halin ko-ta-kwana dare da rana. Sai cin abinci ya ƙaru, kitse ya taru a fuska da ciki da ƙeya, alhali naman hannu da ƙafa yana zagwanyewa. Daga nan sai ciwon suga, da hawan jini, da raunin ƙashi. Garkuwa kuma tana danne, don haka miki ba ya saurin warkewa, tarin fuka da ya kwanta a jiki ma yana iya tashi.

Maganin a kan kansa mai amfani ne a hannun likita. A 2020 binciken Jami'ar Oxford ta Ingila ya nuna ya rage mace-macen masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya bisa uku, ta wannan hanya ta lafar da garkuwar da ta yi yawa.

Sai dai a kula: wadda ta daɗe tana sha kada ta bari kwatsam, domin ƙullin kan ƙodar ya rage aiki, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Ki kai ta babban asibitin Maiyama ko na Jega, ku tafi da kwalin maganin, a auna suga da jini, a duba tarin, likita ya riƙa rage mata shi sannu a hankali.

Da fatan kin gamsu. Allah ya ba ta lafiya, amin.