Gasar Jan Nauyi da Mota Mai Tuƙi da Ƙafafun Baya

A ƙauyukan Amurka, musamman a jihohin noma irin su Ohayo da Indiyana da Ilinoi, akwai wani wasa da manoma ke so ƙwarai. Ana ɗaura wa mota kaya mai nauyi da sarƙa, ta ja shi a kan turɓaya, a ga iyakar inda za ta kai kafin ƙarfinta ya ƙare. Asalin wasan na dawaki ne. A dā manomi yakan yi fahariya da ƙarfin dawakinsa na huɗa, maƙwabcinsa ya ce ƙarya ne, sai a ɗaura musu kaya a raba gardama. Da tarakta ta karɓi aikin doki sai ta gaji gardamar. A 1969 aka kafa ƙungiyar da ake kira NTPA don a daidaita dokoki, kuma kowace shekara a watan Agusta akan yi babban taro a garin Bowling Green na jihar Ohayo.

Motocin kashi-kashi ne. Wanda za mu duba a nan shi ne na a-kori-kura mai tuƙi da ƙafafun baya kaɗai, watau ƙafafun gaba ba su ja, nasu ɗaukar kan mota ne da juya ta.

Sai an gane abin da ake ja tukuna za a gane dokokin. Ana kiransa siled. Wata doguwar tirela ce mai tayoyi a baya, amma a gaba ba ta da taya, sai wani faffaɗan faranti na ƙarfe da ke kwance a ƙasa. A bisanta akwai akwati cike da ƙarafa. A farkon tafiya akwatin yana baya, a kan tayoyi, saboda haka kayan ba ya da wuyar ja. To, ana tafiya akwatin yana matsowa gaba da kansa, nauyinsa yana komawa kan farantin, farantin yana nutsewa cikin ƙasa, har ya tsai da motar cik. Tsawon fili bisa al'ada ƙafa 300 ne, watau yadi 100. In mota biyu ko uku suka kai ƙarshe, sai a ƙara wa kayan nauyi su sāke karawa. Wani lokaci inci ɗaya ke raba na ɗaya da na biyu.

Ƙungiyoyi sukan ɗan bambanta, amma ga dokokin da aka fi bi a manyan gasa. Nauyin mota da direbanta kada ya wuce laba 6,200, kuma sai ta hau sikeli kafin ta shiga fili. Girman inji kada ya wuce inci 575 na awon ciki, watau lita tara da 'yan kai. Ba fetur yake sha ba, wata irin barasa ce da ake kira metanol. A kansa akwai wani famfo mai cusa masa iska, aikinsa kamar na zugazugin maƙeri, yana hura wuta ta ƙara ci. Da wannan injin yakan ba da ƙarfin doki fiye da dubu biyu. Bodin kuwa suna ne kawai: ɓawo ne marar nauyi da aka kifa a kan ƙarafa, wasu ma akan ɗaga shi gaba ɗaya kamar murfin akwati.

Ƙarfin inji kuwa ba ya amfani in taya tana sulɓi. Duk dabarar wannan kashi ita ce a danne tayoyin baya biyu a ƙasa, kuma a nan ne doka ta fi tsanani. Inda ake maƙala sarƙa a bayan mota kada ya wuce inci 30 daga ƙasa. Dalili kuwa, sarƙar daga mota gangarawa take yi zuwa farantin, saboda haka tana jan gindin motar ƙasa. Gwargwadon tsayin maƙalin, gwargwadon dannewar. Da ba a ƙayyade ba, da kowa ya kai shi sama. Har wa yau dole maƙalin ya kasance aƙalla inci 18 a bayan tsakiyar ƙafafun baya.

To, da zarar gindi ya danne, kai ya tashi. Wanda bai taɓa gani ba yakan tsorata, ya ga mota ta yi tsaye kamar dokin da aka ja wa linzami. Tashi kaɗan shi ake so, gama a sa'an nan duk nauyin motar ya koma kan tayoyin da ke aiki. Amma in kai ya tashi da yawa, maƙalin da ke baya sai ya sunkuya, dannewar ta ragu, tafiya ta lalace. Shi ya sa ake rataya ƙarafa a can gaban motar, ko da yake ja a baya ake yi. Doka ta sa wa wannan ma iyaka: daga tsakiyar ƙafafun baya zuwa ƙarshen gaba kada a wuce ƙafa 15. A ganina gwanintar mai mota ba ta cika fitowa a lokacin tuƙi ba. Tana fitowa ne tun kafin a fara, sa'ad da ya tsuguna ya damƙi ƙasar filin a hannu. In ƙasa tana da danshi, mai riƙe taya ce, sai ya ƙara ƙarfe a gaba. In busasshiya ce mai gari, sai ya mai da shi baya, ya kuma duba iskar tayoyinsa.

Sa'ad da ƙafafun gaba ke sama, sitiyari ba ya da aiki. Direba da birki yake juya motar, gama kowace ƙafar baya da nata birkin dabam. In ta karkata hagu, ya taɓa na dama. Amma kowane taɓi yana cin tafiya, in kuwa bai taɓa ba, taya ta taka farin layin gefe, an fid da shi daga gasa ke nan. Haka kuma in wani ƙarfe ya faɗo daga jikin motar.

Sauran dokokin na tsare rai ne. Akwai sanduna biyu a baya masu hana mota kifewa. Ana rufe wuraren inji masu juyawa da ƙarfe, don kada wani abu ya fashe ya sami 'yan kallo. Direba yana sa hular kwano da tufafin da wuta ba ta ci da sauri. Sa'an nan akwai wata 'yar igiya daga tirela zuwa makashin injin motar: in sarƙa ta tsinke, igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Alƙali yana tsaye a gefen fili da tuta biyu, kore ta tafiya, ja ta tsayawa, wanda kuma ya ga ja bai ɗaga ƙafa daga totur ba, tafiyarsa ba ta shiga lissafi.